Barry Fitzgerald: Wa Ke Dariya, Wa Ake Yi Wa?

Makonni biyu da suka wuce na zauna da wani ɗan ƙanena, ɗalibin jami'a, muna kallon wani tsohon fim na Amurka mai suna The Quiet Man, wanda aka fitar a 1952. Jarumin fim ɗin John Wayne ne, dogon nan na finafinan kaboyi, jarumar kuma Maureen O'Hara. Amma tun ba a yi nisa ba na lura hankalin yaron ba ya kansu. Duk lokacin da wani gajeren tsoho mai baƙar hula da lofe a baki ya bayyana a kan keken dokinsa, sai ya gyara zama yana murmushi tun kafin tsohon ya buɗe baki. Da fim ya ƙare ya yi mini tambaya biyu. Ya ce, "Baffa, wane ne wannan tsohon?" Kafin in ba shi amsa ya ƙara da cewa, "Su kuwa mutanen ƙasar suna jin daɗin a riƙa nuna su haka, kullum da kwalba a hannu?"

Amsar tambayar farko ba ta da wuya. Sunansa na wasa Barry Fitzgerald, mutumin ƙasar Ailan, tsibirin nan da ke yamma da Birtaniya. Yana cikin rukunin 'yan wasan da ba domin su ake shirya fim ba, amma da za a cire su sai fim ya yi lami kamar miyar da aka manta ba a sa mata gishiri ba. Su ne ke fitowa a matsayin direba, ko kuku, ko limamin unguwa, ko kawun amarya mai yawan surutu. Jarumi fuskarsa yake sayarwa, kuma a kowane fim kusan shi ne dai. Irin su Fitzgerald kuwa hali suke sayarwa, shi ya sa zan kira su 'yan wasan hali. Tambaya ta biyu ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin amsarta tana buƙatar mu bi rayuwar mutumin tun daga farko.

An haife shi a birnin Dublin ranar 10 ga Maris, 1888, aka raɗa masa suna William Joseph Shields. A lokacin Ailan tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Mafi yawan mutanen ƙasar mabiya ɗarikar Katolika ne, amma gidan su Shields 'yan Furotesta ne, mahaifiyarsa kuma asalinta Bajamushiya ce. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu sake komawa kansa. A 1911 ya shiga aikin gwamnati, ya zauna a sashen da ke kula da tallafin marasa aikin yi. Ƙanensa Arthur Shields ɗan wasa ne a gidan wasan kwaikwayo na Abbey, shi ma sai ya shiga. Da rana yana ofis yana fama da takardu, da yamma yana kan dandamali. Da yake shugabanninsa a ofis ba za su so ganin sunan ma'aikacinsu a takardar tallar wasa ba, sai ya ari sunan Barry Fitzgerald, kuma da wannan sunan aro duniya ta san shi.

Kafin a fahimci darajar Abbey sai an san abin da aka kafa shi domin ya yaƙa. Shekaru aru-aru gidajen wasa na Landan suna da wani mutum da suka ƙera da kansu suka ce shi ne ɗan Ailan: mashayi, mai fariya, mai saurin hannu a faɗa, mai karya Turanci, wawa amma mai ban dariya. A ƙarni na 19 wasu mujallun barkwanci na Ingila har da fuskar biri suke zana shi. Wannan hoto yana da aikin da yake yi wa mai mulki, domin mutumin da ka saba yi wa dariya ba za ka ji nauyin hana shi mulkin kansa ba. A 1897 mawaƙi W. B. Yeats da Lady Gregory da Edward Martyn suka fitar da takardar neman gudummawa don kafa gidan wasa na ƙasa, suka bayyana a ciki cewa suna son nuna wa duniya ƙasarsu ba matattarar wauta ba ce kamar yadda ake nuna ta. Daga wannan yunƙuri aka buɗe Abbey a watan Disamba na 1904. A wannan gida Fitzgerald ya koyi sana'a.

Wasan da ya fito da sunansa shi ne Juno and the Paycock na Sean O'Casey, wanda aka fara nunawa a watan Maris na 1924. Labarin wani iyali ne a gidan hayar talakawa a Dublin lokacin yaƙin basasa. Fitzgerald ya fito a matsayin maigidan, Jack Boyle, wanda ke kiran kansa kyaftin alhali sau ɗaya tak ya taɓa aiki a jirgin ruwa, shi ma na dakon kwal zuwa Liverpool. Da zarar ya ji an samo masa aiki sai ciwon ƙafa ya kama shi, da zarar matarsa Juno ta fita neman abin da za a ci sai ya nufi mashaya da abokinsa Joxer. Ana nan sai labari ya zo cewa wani ɗan'uwa ya mutu ya bar musu gado. Tun kuɗin bai zo hannu ba suka ciwo bashin kujeru da garmaho. Daga baya ta bayyana an yi kuskure wajen rubuta wasiyyar, ba su da ko kobo. Masu bashi suka kwashe kaya, 'yarsu Mary ta yi ciki saurayin ya gudu, ɗansu Johnny kuma tsofaffin abokan gwagwarmayarsa suka kashe shi saboda ya ci amanar ɗayansu. Juno ta tattara ta tafi da 'yarta. A fitowa ta ƙarshe Boyle ya dawo a buge cikin ɗakin da babu komai, bai ma san an kashe ɗansa ba.

Wanda ya duba sama-sama zai ce ai wannan shi ne mashayin nan mai fariya da Landan ta ƙera, an dawo da shi ta ƙofar baya. Amma akwai bambanci babba. Mashayin Landan yana shan giyarsa a yi dariya a tashi, babu wanda ya yi asarar komai. Na O'Casey kuwa kowane kofi da ya sha akwai mai biya, kuma ana nuna maka ita tsaye a gabanka. Mutanen da suka cika Abbey suna dariya, shekara guda kacal da fitowarsu daga yaƙin basasar 1922 zuwa 1923, sun san irin Boyle a layinsu, wasu a cikin gidajensu. O'Casey ya tashi cikin talaucin Dublin ya yi aikin lebura, Fitzgerald kuma aikinsa na ofis ya shafi mutanen da ba su da aikin yi. Ina kyautata zaton ba a littafi ya koyi yadda Boyle ke dafe ƙafa idan an ambaci aiki ba. Ɗan gida ne ya riƙe wa 'yan gida madubi, suka yi dariya har ta maƙale musu a wuya.

Cewa madubin yana da zafi ya tabbata a watan Fabrairu na 1926, lokacin da aka nuna The Plough and the Stars, wasan O'Casey a kan boren Ista na 1916, wanda 'yan kishin ƙasa suka yi wa mulkin Birtaniya. Fitzgerald ya fito a matsayin Fluther Good, kafinta mai son giya da cika baki, wanda duk da haka shi ne ya fita cikin ruwan harsashi ya nemo matar maƙwabcinsa mai ciki ya dawo da ita gida. A dare na huɗu rikici ya ɓarke a cikin gidan wasan. Masu zanga-zanga, cikinsu har da matan da suka rasa mazajensu da 'yan'uwansu a 1916, sun fusata da ganin an shigar da tutar ƙasa cikin mashaya, ga kuma karuwa a zaune a ciki. Wasu suka hau dandamali, Yeats ya fito ya yi wa jama'a faɗa, aka kira 'yan sanda. Abin lura shi ne, a cikin 'yan wasan da ake yi wa ihu a daren akwai Arthur Shields, wanda da kansa ya riƙe bindiga a boren 1916, aka kama shi aka tsare a sansanin Frongoch da ke Wales.

Fitzgerald ya ci gaba da haɗa ofis da dandamali har 1929. A shekarar da ta gabaci wannan Abbey ya ƙi karɓar sabon wasan O'Casey mai suna The Silver Tassie, sai aka shirya shi a Landan, kuma a ciki akwai rawar da marubucin ya tanada domin Fitzgerald. Yana da shekara 41 ya ajiye aikin gwamnati bayan shekara 18, ya bi wasan. Duk wanda ya san darajar albashin ƙarshen wata a gidan mai ƙaramin ƙarfi ya san wannan ba ƙaramar kasada ba ce. A 1930 ya ɗan fito a fim ɗin da Alfred Hitchcock ya yi na Juno and the Paycock, sannan ya yi yawon nuna wasanni a Amurka tare da 'yan Abbey. A 1936 darakta John Ford ya kai shi Hollywood domin mayar da The Plough and the Stars fim. Kamfanin RKO ya dage a ba Amurkawa, Barbara Stanwyck da Preston Foster, manyan rawuna, 'yan Abbey kuma su tsaya a gefe. Fim ɗin bai yi kasuwa ba, amma Fitzgerald ya samu wurin zama.

A Hollywood ya tarar da masu kallo na daban. Tsakanin 1845 da 1852 yunwa ta afka wa Ailan bayan wata cuta ta lalata dankalin da talakawa suka dogara a kai. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, kimanin miliyan ɗaya kuma suka yi ƙaura, kuma ƙaurar ba ta tsaya ba har tsawon shekaru da yawa. Zuwa lokacin da Fitzgerald ya isa, akwai miliyoyin Amurkawa jikokin waɗannan baƙi, da yawansu ba su taɓa taka Ailan ba, abin da suka sani game da ita waƙoƙin kakanni ne da labaran dare. Ba su da sha'awar ganin gidan hayar Dublin da masu bashi suna kwashe kujeru. Ƙasar mafarki suke so, mai koren ciyayi da tsofaffi masu daɗin baki. Sauran Amurkawa kuma sun gaji hoton Landan, sun dai rage masa ƙiyayya sun ƙara masa zaƙi. Kamfanoni suka ga wannan gajeren mutum mai murya kamar yana waƙa, suka san sun samu abin sayarwa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 1938, a fim ɗin Bringing Up Baby, an ba shi rawar mai kula da lambu wanda ba ya rabuwa da kwalba.

Amma zai zama rashin adalci a ce abin da ya yi a Amurka ke nan kawai. A 1944 Leo McCarey ya fitar da Going My Way. Fitzgerald, yana da shekara 56, ya fito a matsayin Fada Fitzgibbon, tsohon limamin wata cocin Katolika a New York da bashi ya yi mata katutu. Shekara 45 yana hidimar cocin, shekara 45 kuma bai ga mahaifiyarsa da ya baro a Ailan ba. Bishop ya turo wani matashin limami, wanda mawaƙi Bing Crosby ya fito a matsayinsa, ya karɓi ragama ba tare da an gaya wa tsohon ba. Akwai wurin da tsohon ya je ya kai ƙarar matashin, sai ya gane daga maganar bishop cewa an riga an sauke shi, don haka ya haɗiye ƙararsa ya roƙi a ɗora matashin, domin ya rage wa bishop nauyin faɗa masa. Daga baya ya fice cikin ruwan sama, ya dawo tsakar dare a jiƙe yana jin kunya kamar yaron da ya yi laifi. A nan ma an sa masa kwalba, wadda yake ɓoyewa cikin akwatin kiɗa. Sai dai abin da ke zama a zuciyar mai kallo shi ne fuskar dattijon da ya gane zamaninsa ya wuce. Duk wanda ya taɓa ganin mahaifinsa a makon farko bayan ritaya zai gane wannan fuska.

Fim ɗin ya fi kowane fim na 1944 kawo kuɗi a Amurka, ya kuma ci kyautar Oscar guda 7. A nan aka yi abin da ba a taɓa yi ba, ba a kuma sake ba. Masu zaɓe sun kasa daidaitawa kan ko Fitzgerald jarumi ne a fim ɗin ko mataimakin jarumi, sai sunansa ya fito a rukuni biyun duka saboda rawa ɗaya. A bikin da aka yi a watan Maris na 1945 Crosby ya ɗauki ta jarumi, Fitzgerald ya ɗauki ta mataimaki, hukumar Oscar kuma ta gyara dokarta don kada hakan ya maimaitu. Saboda ƙarancin ƙarfe a lokacin yaƙin duniya na biyu, da filasta ake yin mutum-mutumin kyautar, shi kuwa yana gwada sandarsa ta golf a gida ya fille wa nasa kai, sai da aka sake masa wani. Shekarar dai ba daɗi zalla ta zo masa da shi ba, domin a watan Maris na 1944 ya yi haɗarin mota da ya zama ajalin wata mata, aka gurfanar da shi, kotu ta wanke shi a watan Janairu na 1945.

Yanzu mu koma kan abin da na ce a riƙe. Mutumin da duniya ta ɗauka shi ne cikakken limamin Katolika ɗan Ailan, Furotesta ne, ɗan Bajamushiya, mai amsa sunan aro, wanda ya kwashe ƙuruciyarsa a bayan teburin ofis a cikin birni. Wannan shaida ce ta ƙwarewarsa, domin sana'ar ɗan wasan hali ita ce ya sa rigar wani har a rantse tasa ce. Gargaɗi ne kuma ga mai kallo, domin abin da muke ɗauka ainihin halin wata al'umma a fim, sau da yawa ɗinki ne da aka yi bisa awon mai saye.

Cewa yana iya sa wasu riguna ba abin musu ba ne. A The Sea Wolf na 1941 ya fito a matsayin kukun jirgin ruwa, munafuki mai kai tsegumi, wanda mai kallo ke jin ƙyamarsa. A And Then There Were None na 1945, wanda René Clair ya shirya daga labarin Agatha Christie, shi ne alƙalin nan mai fara'a da ake ganin ba zai iya kashe ƙuda ba, alhali shi ke kashe mutane ɗaya bayan ɗaya. Daraktan ya yi amfani da yardar da masu kallo suka saba ba shi ya yaudare su da ita. A The Naked City na 1948, wanda Jules Dassin ya ɗauka a kan titunan New York, shi ne babban jami'in 'yan sanda mai binciken kisa, mai haƙuri da kaifin hankali. Waɗannan finafinai sun nuna faɗin iyawarsa, amma kasuwa ta fi son tsohon nan mai ƙyalli a ido, kuma ita ta yi rinjaye.

Wannan ya dawo da mu The Quiet Man, wanda John Ford ya ɗauka a 1951 a ƙauyen Cong da ke yankin Mayo. Labarin wani ɗan dambe ne da ya dawo daga Amurka ƙauyen haihuwarsa, ya auri wata budurwa, yayanta kuma ya riƙe dukiyar da al'ada ta ce amarya ta tafi da ita gidan miji. Fitzgerald shi ne Michaleen Flynn, mai keken doki, mai dalilin aure, mai karɓar kuɗin caca, wanda dokinsa ya saba da mashaya har yakan ja birki a ƙofarta da kansa ba tare da an ce ya tsaya ba. A nan ne ɗan ƙanena ya fi yin dariya, ni ma na yi. Arthur Shields ma yana ciki, a matsayin limamin Furotesta. Fim ɗin ya ba Ford kyautar Oscar ta darakta karo na huɗu.

To, a ajiye Boyle da Michaleen a gefen juna. Ɗan wasa ɗaya ne, murya ɗaya, tafiya ɗaya, ƙishin giya ɗaya. Shekara 28 ce tsakaninsu. Boyle yana da mata da ke biyan kuɗin shansa da guminta, da 'ya da ɗa da suka lalace a gaban idonsa. Michaleen ba a nuna masa mata ba, ba a nuna masa bashi ba, ba a nuna safiyar da ta biyo bayan daren ba. An ɗauki mutumin O'Casey an cire masa sakamako, abin da ya rage kuwa ya yi kama ƙwarai da abin da aka kafa Abbey domin a kawar. Shi ya sa amsar da zan ba ɗan ƙanena ita ce, mutanen Ailan sun rabu. Akwai masu sukar fim ɗin a matsayin hoton ƙarya da aka yi domin baƙi. Akwai kuma masu ƙaunarsa, kuma har yau ƙauyen Cong yana cin abinci daga masu yawon buɗe ido da ke zuwa ganin inda aka ɗauke shi.

Ban ga dalilin ɗora wa Fitzgerald laifin shi kaɗai ba. Ɗan wasan hali ba shi ke rubuta labari ba, ba shi ke zuba kuɗi ba, kuma idan ya ƙi rawa akwai goma a bakin ƙofa suna jira. Ford ma ba baƙo ba ne gaba ɗaya, domin iyayensa 'yan Ailan ne da suka yi ƙaura, kuma begen ƙasar iyaye ne ya ɗauka a fim. Abin da ke hannun ɗan wasa shi ne ya cusa mutum a cikin rigar da aka ba shi, kuma wannan Fitzgerald ya yi. Michaleen ɗinsa ba wawa ba ne. Shi ya fi kowa a ƙauyen sanin al'ada, shi ke zaune tsakanin saurayi da budurwa yana tsare mutuncinsu, kuma idan ka lura da idonsa za ka ga yana auna kowa. Amma ƙwarewar nan ita ce ta sa hoton ya daɗe. Da ɗan wasa maras iyawa ne ya yi shi, da tuni an manta. Gwani ne ya yi shi, shi ya sa bayan fiye da shekara 70 wani yaro a nahiyar da ba tasa ba ya kalla ya ɗauka haka mutanen Ailan suke.

Na san mai karatu ya riga ya hango inda zancen ya dosa. Shekaru da yawa, a finafinan kudancin ƙasar nan, idan aka ce ga Bahaushe to maigadi ne, da 'yar rediyo a kunne da goro a baki, yana karya Turanci, maigida yana daka masa tsawa ana dariya. Ba shi da gari, ba shi da mata, ba a taɓa tambayar abin da ya raba shi da gonarsa ba. Aikin gadi ba abin kunya ba ne, dubban mutanen kirki suna ciyar da iyali da shi. Abin da ke ciwo shi ne a ce wannan kaɗai ne hotonka a idon maƙwabcinka, kuma an cire masa duk abin da zai sa a ji tausayinsa ko a girmama shi. Mun yi ƙorafi a kan haka, kuma muna da gaskiya.

Sai dai gaskiya ɗaci gare ta. Mu ma a finafinanmu na Kannywood muna da namu mutanen da muka ƙera: Bafulatanin da ya shigo birni yana tsoron mota, Bagwarin da ba ya gane magana, ɗan kabilar Ibo da ba ya tunanin komai sai kuɗi, baƙauyen da aikinsa kawai ya yi wauta. Muna dariya, ba mu cika tambayar ko su suna dariya ba. A gefe guda kuma muna da misalin yadda ake yin abin da kyau. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja, ya shafe shekaru yana ba mu dariya da halin soja da gaurayen Hausa da Turancinsa na bariki, kuma sojoji na cikin masu kallonsa, domin ya taɓa sa kakin da kansa, ya san abin da yake kwaikwaya daga ciki.

Ba na cikin masu cewa a daina barkwanci da halayen al'umma. Wasannin barkwanci tsakanin ƙabilu da garuruwa tsohuwar al'adarmu ce, kuma sharaɗinta shi ne wanda ka tsokana yana nan, yana kuma da bakin ramawa. Fim ba ya ba shi wannan dama, shi ya sa nauyin ya koma kan marubuci da darakta. Ga ɗalibanmu masu koyon rubutun wasa da masu sha'awar shiga harkar fim, ma'aunin da na samo daga rayuwar Fitzgerald mai sauƙi ne. Idan ka ƙirƙiri mutum domin a yi masa dariya, ka tambayi kanka ko yana da uwa, ko akwai abin da yake tsoro, da kuma wanda ke biyan kuɗin wautarsa. Sannan ka tambayi kanka ko za ka iya zama kusa da ɗan'uwansa a gidan kallo ba tare da ka sunkuyar da kai ba. O'Casey ya amsa waɗannan tambayoyi, shi ya sa har yau ake nuna wasansa a Dublin, a gaban jikokin mutanen da ya yi wa dariya.

Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Finafinan Fitzgerald biyu na ƙarshe, Rooney na 1958 da Broth of a Boy na 1959, labaran Ailan ne, kuma a 1959 ya koma Dublin da zama. Bai taɓa yin aure ba. Ya rasu a watan Janairu na 1961 yana da shekara 72, aka binne shi a maƙabartar Deansgrange da sunansa na yanka, William Shields.

Na yi wa ɗan ƙanena alkawarin in ya dawo hutu za mu kalli Going My Way tare, sannan in nemo masa wasan Juno ya karanta, ya gwada da abin da ya gani. Na kuma ce masa kafin lokacin ya sake kallon fim ɗin barkwancin Hausa da ya fi so, ya zo mini da amsar tambayar da ya yi mini. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.